Dalma da Lafiyar Iyali: Shawarwari ga Gidajen Maharba, Masunta da Masu Gyaran Batir

Dalma ƙarfe ce mai sauƙin sarrafawa. Tana narkewa a zafin digiri 327 a ma'aunin Selshiyos, wato garwashin gawayi da tsohon gwangwani sun isa su mayar da ita ruwa. Ga nauyi, ga laushi, ga araha. Shi ya sa maharbi ke nemanta don harsashi, masunci ke ɗaura ta a bakin birgi don ya nutse, mai facin lagireto da mai gyaran rediyo ba sa rabuwa da ita. A Amurka akwai maharba da yawa da ke zuba harsashinsu da kansu a gida, har da kamfanonin da ke sayar musu da kayan aikin, domin dokar ƙasarsu ta yarda. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba. Sai dai ko a can ko a nan, ko da lasisi ko babu, dalma guba ce, kuma ba mai aikin take fara kayarwa ba. Ɗansa da ke rarrafe a tsakar gida take fara kayarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a cikin jini da za a ce ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da jikin babba. Mun gani da idonmu. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gubar dalma ta yi ajalin yara aƙalla 400. A ƙauyuka biyu kaɗai da aka bi gida-gida aka ƙirga, an samu yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abubuwan da kowane gida zai iya yi.

1. A fitar da aikin dalma daga cikin gida ɗungurungum.
Wannan ita ce uwar shawarwarin, sauran duk 'ya'yanta ne. Abin da ya kashe yaran ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da Bagega na Zamfara ba ramin haƙar zinariya ba ne, domin yaran ba su taɓa shiga rami ba. Duwatsun da ke ɗauke da dalma aka riƙa kawowa cikin gida, ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gidan da ake shanya hatsi. Ƙurar ta sauka a ƙasa, yaro ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Hanyar ke nan, kuma ba ta canzawa, ko dalmar daga dutse ta fito, ko daga batir, ko daga gwangwanin narkawa. Duk wanda sana'arsa ta halal ta haɗa shi da dalma, ya yi ta nesa da gida, a fili mai iska, nesa da rijiya, nesa da inda yara ke wasa da inda dabbobi ke kiwo. Zaure ba waje ba ne. Bayan ɗaki ma ba waje ba ne. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa ta ɓace. Wadda ta zuba a ƙasa bana, jikoki za su tarar da ita.

2. Kada a fasa tsohon batir a gida.
Batirin mota da na babur da na sola su ne hanya mafi sauƙi da mutane ke samun dalma, kuma su ne mafi haɗari. A cikinsu akwai ruwan batir mai ƙona fata da makantar da ido, ga kuma wani laɓu-laɓu mai duhu da ke manne a jikin farantan ciki, wanda in ya bushe yake zama garin dalma mai tashi da iska. A unguwar Thiaroye da ke gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda an daɗe ana fasa batir a unguwar, daga baya kuma mata suka riƙa kwasar ƙasar wurin suna tankaɗewa a gida don su tsinci dalmar su sayar. Yanzu da sola ta shiga gidaje da yawa, matattun batura suna taruwa a lunguna. A ajiye su a tsaye, a rufe, inda ruwan sama ba ya dukansu kuma yaro ba ya kaiwa, sannan a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho ya ba da sabo. Kwandon batir da aka fafe ba bokiti ba ne: kada a zuba wa kaji ruwa a ciki, kada a shuka kayan miya a ciki.

3. Kayan aiki daban, kayan girki daban.
Ludayin ƙarfen da ya taɓa narkakkiyar dalma ya yi ban kwana da miya har abada, wanki ba ya fitar da shi. Haka tukunya, haka cokali, haka turmi da taɓarya da rariya. Kada a ɗora dalma a murhun da ake girki, domin tokar murhun kanta tana ɗaukar guba, ga shi kuma da toka ake wanke tukwane a gidaje da yawa. Wanda ya taɓa ganin ana narka dalma ya san yanar nan mai ruwan toka da ke tasowa a sama, wadda ake yaɗewa a watsar gefe. To ita ce mafi sharri. In ta huce takan zama gari mai laushi, kaza ta tona, iska ta ɗauka, yaro ya taka. A tara ta a gwangwani mai murfi, kada a watsar a bola. A kuma kiyaye ruwa: ɗigon ruwa ko gumi ko ɗanyen ƙarfe in ya shiga narkakkiyar dalma, nan take take fashewa ta fallatsu, ta ƙona fuska da ido.

4. Maigida, kada ka shigo da ita a jikinka.
Mutum zai iya yin aikinsa can bayan gari, amma ya ɗauko gubar a rigarsa da takalminsa da gashin kansa da gemunsa da ƙarƙashin faratansa. Yana sallama yara suka rugo suka rungume shi, shi ke nan an gama. Ka ware kayan aiki, ka tuɓe su a wurin aiki, ka bar takalmin can. Ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka ci abinci, kafin ka ɓare goro, kafin ka ɗauki jariri. In da hali ka yi wanka kafin ka shiga cikin iyali. Kayan aikin a wanke su daban, ba a baho ɗaya da kayan yara ba, kuma ba mai juna biyu ce za ta wanke su ba. Ruwan wankin a zuba shi a rami nesa da rijiya. A riƙa goge wayar hannu da sirdin babur da jiƙaƙƙen tsumma, domin su ma suna kwasar ƙura.

5. Dalma ba ta shiga baki.
Masunta da yawa da haƙori suke matse dalma a jikin zaren birgi, wasu maharba kuma kan riƙe ƙwayoyin harsashi a kumatu don hannu ya samu sarari. Kowane cizo yana barin ɗan wani abu a baki, yau da gobe kuma ya taru. A yi amfani da filaya ko ƙaramar guduma. Ƙwayoyin dalma kuma abin sha'awa ne ga yaro: ga su mulmulallu, ga sheƙi, ga nauyi a tafin hannu. A kulle su a akwati, a rataye jakar farauta da kayan su inda hannun yaro ba ya kaiwa. In yaro ya haɗiye ko da guda ɗaya, a kai shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita ainihin abin da ya haɗiya, kada a zauna jiran ya fita da bayan gida. A 2006, a Jihar Minnesota ta Amurka, wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu bayan ya haɗiye ɗan ƙaramin ƙarfen ado wanda kusan dukkansa dalma ce. Ruwan cikinsa ya riƙa narkar da ƙarfen yana shiga jini.

6. A gyara naman farauta da lura.
Mutane suna zaton in an ciro harsashi daga nama an gama. Ba haka abin yake ba. Harsashin dalma mai gudu in ya bugi nama, musamman in ya ci karo da ƙashi, yakan tarwatse ya zama ɓurɓushi masu yawa, waɗansu ido ba ya ganinsu, haƙori ba ya jinsu. A 2008 hukumomi a jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota sun janye naman barewa da maharba suka bayar sadaka ga mabuƙata, bayan hoton asibiti ya nuna ɓurɓushin dalma a ciki. Binciken da aka yi a Minnesota a shekarar ya gano ɓurɓushi har nisan inci 18 daga hanyar da harsashin ya bi, wato kusan kamu guda.

Don haka a yanke wurin raunin da faɗi a zubar, tare da duk inda jini ya taru ko naman ya dagargaje. Kada a ji ƙyashin naman. Wanke raunin da ruwa ba ya fitar da ɓurɓushin, yana ma iya watsa su. Zabo ko fakara ko agwagwar ruwa da aka harba da ƙananan ƙwayoyi, a bi kowane rami da wuƙa a ciro ƙwayar kafin a dafa. Kada a daka ko a niƙa naman da ke kusa da rauni, kamar yadda ake yi wa dambun nama, domin daka yana raba gubar ga kowace loma. Kada kuma a jiƙa irin wannan nama a tsamiya ko lemon tsami, domin tsami yana narkar da dalma ya sa ta fi saurin shiga jiki. Abin da aka yanke aka zubar a binne shi. In aka jefa wa karnukan farauta, su ma guba ce gare su, in aka bari a daji, ungulu da shaho ne za su kwasa.

7. A ba mai ciki da mai shayarwa kariya ta musamman.
Dalmar da ta shiga jiki takan je ta kwanta a ƙashi da haƙori, ta yi shekaru a can. Idan mace ta samu ciki, jikinta yakan ɗebo sinadarin gina ƙashi daga nata ƙasusuwan don ya gina na ɗan tayi, sai dalmar ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya ta shiga jikin jaririn. Tana jawo ɓari, haihuwar bakwaini, da haihuwar jariri mara nauyi. Mai ciki da mai goyo da yara 'yan ƙasa da shekara shida su haƙura da naman da aka harba da dalma, a ba su kaza ko kifi ko naman da aka yanka. Uwargida, in kwaɗayin cin ƙasa ko farar ƙasa ya taso miki a lokacin goyon ciki, ki faɗa a wurin awo. Sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma akwai magani. Hukumomin abinci na Amurka da Birtaniya sun yi gargaɗi kan irin farar ƙasar da ake sayar wa masu ciki, saboda an samu dalma a cikinta.

8. A duba kwalli da tukunya.
Gidan da babu maharbi babu masunci ma dalma tana iya shigarsa ta ƙofar ado da ta madafa. Kwallin dutse, mai ƙyalƙyali in an fasa, sau da yawa ainihin dutsen dalma ne. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, da aka bincika sai aka tarar daga kwallin da aka kawo daga Najeriya ne, wanda kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce. Jariri yakan murza ido ya tsotsi yatsa. Kada a sa wa jariri kwalli a ido, kada a barbaɗa masa a cibiya.

Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa ma abin lura ne. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna suna sakin dalma a cikin abinci, domin tarkacen da ake narkawa yakan haɗa da sassan injin mota da lagireto. Wanda ba shi da halin canza tukunya, to kada ya bar miyar tumatir ko ta yakuwa ko kunun tsamiya su kwana a ciki. A juye a wani mazubi da zarar an sauke. Abincin jariri kuwa a dafa shi a tukunyar silba ta kamfani in da hali. Maƙera masu zuba tukwane su ji tsoron Allah su riƙa tsince abin da suke narkawa.

9. A yi shara da ruwa.
Busasshiyar tsintsiya tana tayar da ƙura ne kawai, ta sauka a kan kwano da tabarma da randa. A yayyafa ruwa kafin shara, a fitar da yara waje, a goge daɓen siminti da tagogi da jiƙaƙƙen tsumma. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta, a riƙa wanke masa hannu kafin ya ci abinci da kafin ya yi barci, a rufe abinci da ruwan sha. In an san an taɓa narka dalma ko fasa batir a wani gefe na gidan, a killace wurin, kada yaro ya je, kada a shuka komai, a sanar da jami'an lafiya ko na muhalli. A Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe aka binne a wuri na musamman, aka zubo sabuwa, kafin ƙauyukan su zaunu. Tafasa ruwa kuma ba ya kashe dalma kamar yadda yake kashe ƙwayoyin cuta. In ana zargin rijiya, a bar shan ruwanta har a gwada.

10. A ciyar da yara, amma kada a ɗauki madara magani.
Cikin da babu komai ya fi saurin tsotse dalma, haka jikin da ke fama da ƙarancin jini. Yaro ya karya kumallo kafin ya fita wasa. A ba shi abin da ke ƙara jini, irin su hanta, wake, zogale, alayyahu da ƙwai, da abin da ke gina ƙashi, irin su nono, miyar kuka, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da 'ya'yan itace irin su lemo da gwaiba da mangwaro. Wannan yana rage yawan abin da jiki ke ɗauka. Amma maganar da ake yi a garejoji da wuraren walda, wai gwangwanin madara bayan aiki yana wanke guba, ba gaskiya ba ce. Madara abinci ce mai kyau, ba ta fitar da dalmar da ta riga ta shiga jini. Haka man ja, haka jiƙe-jiƙe.

11. A san alamomi, a nemi gwajin jini.
Mugun halin wannan guba shi ne yawancin yaran da ke ɗauke da ita ba sa nuna komai a farko. Tana cin ƙwaƙwalwa a hankali: yaro ya yi jinkirin magana, ya kasa riƙe karatu, ya cika fushi da rashin natsuwa, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. In ta yi yawa sai a ga ciwon ciki, amai, taurin bayan gida, rashin cin abinci, kasala, ɗashewar ido da tafin hannu, daga nan sai jijjiga da suma. A Zamfara an fara yi wa yaran maganin zazzaɓin cizon sauro ne, ba su samu sauƙi ba, kafin ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF su aika da jini a gwada a gano gaskiya. Ga manya kuwa takan zo da hawan jini, ciwon ƙoda, ciwon gaɓoɓi, mantuwa da raunin haihuwa.

A lura da dabbobin gida. Kafin yara su fara mutuwa a waɗancan ƙauyuka, agwagi ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. In kaji ko agwagi suna mutuwa ba dalili a gidan da ake taɓa dalma, a ɗauki abin da gaske.

Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. A Amurka, tun 2021, in dalma ta kai maikirogiram 3.5 a kowace desilita ta jinin yaro ake fara bin diddigi, alhali kusan duk yaran da aka gwada a waɗancan ƙauyuka biyu na Zamfara sun haura 45. Idan kun je asibiti, ku faɗa wa likita sana'ar maigida ko da bai tambaya ba. Akwai maganin da ke janyo dalma daga jini ta fita ta fitsari, amma likita ne kaɗai ke bayar da shi, ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta auku a ƙwaƙwalwa, kuma ba shi da amfani in yaron zai koma cikin ƙurar da ta kwantar da shi. In an samu yaro ɗaya da ita, a gwada sauran yaran gidan.

12. Wanda harsashi ya rage a jikinsa ya riƙa zuwa asibiti.
A wannan zamani na rashin tsaro, mutane da yawa suna yawo da harsashi ko ɓurɓushinsa a jiki. Likitoci kan bar shi in ciro shi ya fi barinsa haɗari, kuma hukuncinsu ne. Amma harsashin da ya zauna a cikin gaɓa ko kusa da karyayyen ƙashi yana iya narkewa a hankali, gubar ta bayyana bayan watanni ko shekaru. Mai irin wannan rauni ya riƙa neman gwajin jini lokaci-lokaci, mace kuma ta faɗa tun ranar farko ta awon ciki. Kada a bari wani ya tono shi da aska a gida.

13. Inda akwai madadi, a koma gare shi.
Ƙasashe da dama sun daɗe da fara rabuwa da dalma a farauta. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayoyin dalma tun 1991, Denmark ta hana su gaba ɗaya a 1996, Jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta hana kowane irin harsashin dalma a farauta daga 2019, kuma farauta ba ta mutu a waɗannan wurare ba. Maharbi mai lasisi ya tambayi dillali mai izini abin da ya dace da bindigarsa, kada ya yi gwaji da kansa, domin ƙarfe mai tauri yana iya fasa tsohuwar bindiga a hannun mai ita. Masunci zai iya nauyaya tarunsa da dutse ko gasasshen yumɓu ko guntun ƙarfe. Mai gyaran rediyo da waya ya nemi wayar liƙi marar dalma, akwai ta a kasuwa.

Gida ɗaya ba zai iya wannan aiki shi kaɗai ba, domin ƙurar maƙwabci ba ta tsayawa a katanga, yara kuma gida-gida suke wasa. Sarkin maharba da sarkin ruwa da shugabannin ƙungiyoyin makanikai suna da bakin da ake ji. Su zauna da mai unguwa a ware wuri guda bayan gari don duk aikin da ya shafi dalma, a kewaye shi, a ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa, a hana yara shiga ko da aike ne. Limamai su faɗa a masallaci, ungozomomi su faɗa a gidan suna. Kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba, abin da za a tsare kuwa hankalin 'ya'yanmu ne, wanda in ya taɓu babu asibitin da ke mayar da shi yadda yake. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.